Makanar Hamid da Albasar Raliya

Duk wanda ya taɓa zama a Tungar Alhasan, wani ƙauye na bakin kogi arewa da Rusairis, ya san Hamid maƙeri, ya kuma san ɓangaren da ake tsayawa in za a yi masa magana. Kunnensa na hagu ba ya ji. In ka tsaya ta nan sai ka zuba har bakinka ya bushe, shi yana ta dukan ƙarfensa, can ya ɗago ya ce maka, "Lahiya lau," ko da zaginsa ka yi.

Ƙira gadonsa ce. Kakansa na cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Sakkwato da masaba a kafaɗa suka nufo gabas, tafiya ta ajiye su a bakin wannan kogi. Ubansa ya ƙera fartanya da lauje har ƙarfinsa ya ƙare. Shi Hamid ya ƙara da walda da ɗan gyaran amalanken jakuna. Dogo ne, siriri, marar yawan dariya, kuma a da ba a san shi da tsoro ba.

Tsoron ya shige shi ne a shekarar 1997, lokacin da ake yaƙi can kudu da su. A kwanakin nan masu tsintar tsofaffin ƙarafa kan kawo kaya buhu-buhu, ba mai tambayar inda suka samo. Abokin aikinsa Yakubu, wanda kuma shi ne mijin ƙanwarsa Raliya, ya zaɓi wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da tsatsa ta cinye, ya ce zai yi kan guduma da shi. Ya tura shi cikin wuta yana zuga. Hamid ya fita shan ruwa a randar ƙofar rumfa ke nan abin ya tashi. Ashe ragowar makamin yaƙi ne. Yakubu bai kai la'asar ba, Hamid kuwa ya tsira da kunne ɗaya.

Tun daga ranar ba ya taɓa ƙarfen da bai san asalinsa ba. In ka kawo masa guntun ƙarfe ka ce a yi maka wuƙa, sai ya sa hannu a baya ya tsaya nesa. "Wanga ƙarhe daga ina? Wa ya ba ka shi? Shi wanda ya ba ka, ina yas samo?" Mutanen ƙauye har tsiya suke masa, suna cewa neman auren ɗiyar liman ya fi sauƙi a kan kai wa Hamid ƙarfe. Ni kam ban ga laifinsa a nan ba, don su ba su ga abin da ya gani ba.

Raliya kuwa aka bar ta da 'ya'ya uku da fangali ashirin na albasa, can ƙarshen magudana, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha. Da albasar nan take cin shekara. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma yarda ta zauna a hannun wanta ba. Mace ce mai tsabta ta fitar hankali. Farantin da take jera kofunan jabana a kai, wato gahawarsu, sai ka gyara hularka a cikinsa.

Makanar, wato injin, da ta jawo wannan labari tana nan har yanzu a rumfar Hamid, kusa da injin niƙa inda yake jan wuta. Tana huda ƙarfe, tana kuma sassaƙa shi ta fitar da gurbi a miƙe. Larabawan can suna kiran irinta faraiza. Daga Sinja ma akan kawo masa aiki saboda ita. Amma in ka yabe ta a gabansa sai ya ɓata rai ya canza zance.

Tun yana saurayi ya fara ganin irinta. Sun je tsinkar auduga Jazira, ya leƙa ta tagar wani ɗakin gyara a Hasahisa, ya ga wani inji yana cin ƙarfe kamar mace na feren kabewa. Shekara talatin abin na ransa. Abin da ya tunzura shi a ƙarshe shi ne injin ban-ruwan ƙauyen, wanda gidaje duka suka haɗu suka saya. Akwai wata sandar ƙarfe da ke juya farfelarsa, a jikinta kuma akwai ɗan gurbi inda ake cusa makullin da ke riƙe farfelar. Sau biyu Hamid yana sare gurbin nan da kurfi da magagari, sau biyu yana fitowa a ɗan karkace, farfela ta yi ta rawa har sandar ta karye. Da damina ta ɗauke a 2009, ya sayar da shanunsa biyu, ya tafi Hasahisa wajen wani mai tsofaffin ƙarafa, ya sayi makana. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne wani ɗan fallen farin ƙarfe kamar tafin hannu da ke manne a ƙirjinta, cike da rubutun boko a ƙarƙashin baƙin mai. Shi Larabci da ajami ya iya, amma ya san wannan shi ne asalinta a rubuce: sunanta, ƙasarta, wutar da take ci, gudun da take yi. In ta iso gida sai malamin makaranta ya karanta masa.

Tana kan hanya a bayan babbar mota sandar ta karye karo na uku. Kwana huɗu ke nan da dasa albasa.

Saboda haka ranar da makanar ta iso, ƙauyen duka ya fito. An riga an sayo sabuwar sanda, gurbi kawai ya rage. Washegari Juma'a aka yi mata karama, wato yankan sadaka, aka yanka rago, aka tsoma tafi a jini aka manna a gefenta kamar yadda ake yi wa sabuwar mota. Hamid ya hau jaki ya tafi ƙauyen gaba ɗauko Ustaz Mahadi, malamin da ya iya Turanci. Raliya ta zo da kwanon abinci, ta ga abin da wanta ya sayar da shanu a kansa yana tsaye baƙi ƙirin da dauɗa, ga baƙi za su zo kallo. Ranta bai ba ta ba. Ta ɗebo toka da rairayi da lemun tsami, ta ɗaura zani, ta wanke ta tas. Ɗan fallen nan kuwa, da ta ga farin ƙarfe ne irin na farantinta, shi ta fi ba wa ƙarfi.

Ustaz Mahadi ya sauka daga jaki, ya ciro tabarau, ya duƙa a gaban makana. Ya daɗe a duƙe.

"Ya Hamid, ina rubutun?" in ji shi. "Ni dai huskata nika gani."

Rubutun ashe fenti ne, ba sassaƙa ba. Toka ta tafi da shi duka, sai wasu lambobi biyar da aka buga da guduma a ƙasan fallen. Hamid ya shafa wurin da yatsa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi ihun ya fi. Ya juya ya dubi ƙanwarsa a gaban mutane ya ce, "Ke, Raliya? Ke da ya kamata ki hi kowa sanin abin da ƙarhe marar suna ka yi?" Ta sunkuyar da kai, ta kwashe kwanonta ta fita. Wannan magana ba ta dace ba, kuma shi ma ya sani tun kafin ya rufe baki.

Ustaz ya ce, "Ma'alesh, a yi haƙuri, ya akhi. Mu haɗa ta da wuta mu ga abin da za ta yi." Dattawa suka ce haka ne. Hamid ya ce sam. Bai san irin wutar da take ci ba, bai san gudunta ba, bai san ko lambobin da ke jikin marikinta inci ne ko milimita ba. In ta ƙone fa? In bakinta ya ɓalle ya sami wani fa? Ya kore kowa, ya ja ƙofa, ya sa kwaɗo. Kafin ya rufe ya ɗauke ta hoto da waya ta gaba da gefe, daga nesa, ya kuma ɗora takarda a kan lambobin nan biyar ya goga gawayi har suka fito.

Ran Asabar ya ɗauki sandar ya tafi Damazin, wajen mutum ɗaya da ke da irin wannan inji. Lokacin girbin dawa ne, injinan girbi da manyan motoci sun yi layi har titi. Mutumin ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ya dawo bayan mako biyu. Mako biyu! Dashen albasa ba ya kai haka babu ruwa, ko da sanyi ne. Ya shiga nuna hoton a ɗakunan gyara ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ta Ingila ce, ya rantse. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, ta Indiya ce, ubansa ya yi aiki da irinta. Wani ya ce ta Rasha ce, ka ga yadda take da kauri babu fasali. Kowa da tabbacinsa, kuma ba wanda zai kasance a rumfar ranar da za a kunna.

Ya dawo da yamma ta bakin gonaki. Masu fangali kusa da kogi suna ta jigilar ruwa da jakuna. Ya hango Raliya da jarka a ka, tana tahowa daga kogi, tafiyar da ta fi ƙarfin a yi ta sau goma a yini. Ta isa ta karkata jarkar, ƙasa ta shanye ruwan kafin ta miƙe. Bakin ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa. Ya aika mata da jakinsa da ganga biyu, amma bai iya zuwa da kansa ba.

Ran Lahadi ya koma Rusairis, shagon wata mata mai kwamfuta. Ta karɓi takardar gawayin da yatsa biyu, ta buga lambobin. Abin da ya fito shi ne keken ɗinki, da wani maganin ƙwari, da lambar gidan waya ta wani gari da ba ta iya faɗin sunansa ba. Ta nemo masa hotunan injuna, suka yi ta dubawa har azahar. Kowanne ya yi kama da tasa, kowanne kuma akwai inda ya bambanta. A ƙarshe ta ce, "Ya ammi, baba, ka koma inda kas saye ta mana."

Hasahisa ba nan kusa ba ce, yini guda ce cur a mota, ta Sinja da Sinnar da Madani. Ustaz Mahadi ya tare shi a tasha ya ce masa mutane sun fara magana, kuma ba a kansa ba, a kan Raliya. Mata na cewa tsabtarta za ta cinye wa gari albasa. Duk da haka Hamid ya shiga motar. A hanya duk gonar da suka wuce sai ya duba launin ganyenta.

Mai tsofaffin ƙarafan ya yi dariya da ya ji tambayar. Ya ce shi a kan sikeli yake saye, bai taɓa tambayar ƙarfe sunan ubansa ba. Abin da ya sani kawai, daga ɗakin gyaran wata masaƙa da ta mutu aka fito da ita. Ya ce akwai wani tsoho, ɗan uwanku ne ma, Bahaushe, Alhaji Jibirin, ya yi shekara da shekaru a ɗakin nan, yanzu yana Rufa'a. Hamid ya haye kogi. Ya tarar Alhajin ya tafi ta'aziyya wani ƙauye, sai gobe. Ya yini a ƙofar gidan yana kai da kawo, yana ciro waya yana mayarwa. Sau uku yana neman lambar Raliya bai danna ba.

Washegari Alhaji Jibirin ya dawo. Ɗan guntun tsoho ne mai kaifin baki, yatsunsa duk tabo. Suka gaisa, aka kawo shayi, aka tambayi dangi da asalin dangi. Da ya miƙa wayar, tsohon ya kai ta dab da ido, ya wuce hoto ɗaya, ya wuce na biyu, a na uku ya tsaya.

"Ka ga waldar ga da ke bisa mariki? Ni niy yi ta. Wani sakarai yas saki ƙarhe bisa kanta." Ya yi murmushi kamar ya ga tsohuwar maƙwabciya. "Ashe tana raye."

Ya faɗi sunanta, wani suna mai tsawo da ke maƙale wa mutum a haƙori, ya rubuta masa shi da haruffan Larabci. Ya ce a Jamus ta Gabas aka ƙera ta, ƙasar da yanzu ko a taswira babu ita. Ya faɗi shekarar da aka sauke ta daga jirgin ƙasa, da wanda ya fara kunna ta. Hamid ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya dafe.

"To, ɗana, mi za ka yi da sunan?" in ji tsohon. "Aure za ka ɗaura mata?"

Hamid ya zayyana masa komai: sandar, da albasa, da fallen da aka goge, da abubuwa ukun da bai sani ba.

Tsohon ya ajiye kofinsa. "Kwana nawa ke nan?"

"Yau na tara da karyewar sanda, Baba."

"Kana da abin awo a rumfarka?"

"Ina da."

"Ka aza shi bisa teburinta, ka juya mariki sau guda da hannu, ba wuta ba komi, ka ga nawa tat tahi. Ka san inci ko mili, khalas, shi ke nan. Wuta kuwa, ka kwance murhin ga na baya, kusoshi huɗu na, akwai wani rubutu jikin motar da ka juya makanar, shi sassaƙe shike, toka ba ta cin shi. Gudu kuma ka aza ta ga mahi sanyi, ba ta cizon kowa. Kai ba ka ko zagaya bayanta ba?"

Hamid bai zagaya ba. Tun da ya goga gawayin nan bai sake matsawa kusa da ita ba.

"Wanga aikin hantsi guda na, ya zol, bawan Allah," in ji Alhaji Jibirin, muryarsa ta yi laushi. "Ita ba harsashi ba ta. Tashi, kar motar Sinnar ta bar ka."

A wannan tafiya ta dawowa ne Hamid ya tsufa, in ji waɗanda suka san shi. Kunya ce da baƙin ciki suka haɗu masa, ga kuma hanya ta ƙi ƙarewa. Ya lissafa ya sake lissafawa: da ya zagaya bayan makanar ranar Juma'a, da ruwa ya kai fangalin ƙanwarsa ran Asabar.

Ya iso ranar ta goma da yamma. Washegari da hantsi ya buɗe kwaɗon, Ustaz Mahadi na bayansa. Kusoshi huɗu, kamar yadda aka faɗa. Ga rubutu nan ƙarƙashin ƙura, kuma wutar da take ci ita ce dai ta injin niƙa. Ya juya mariki, teburin ya matsa milimita huɗu cif. Ya ɗaure sandar, ya sa Ustaz ya fita waje, ya yi bisimilla ya danna. Makanar ta yi gurnani kaɗan, ta kama juyi a hankali, ta shiga cin ƙarfe abinta kamar jiya ta bari. Kafin azahar gurbi ya fito a miƙe. Kafin la'asar injin ban-ruwa ya tashi, yara suna bin ruwa a magudana da gudu.

Sai washegari ruwan ya kai ƙarshen magudana. Na kusa da kogi sun yi asara kaɗan-kaɗan. A fangali ashirin na Raliya, shida ne suka rayu, su ne waɗanda jakin ya iya kai wa. Lokacin dashe kuma ya wuce, iri ma babu.

Bayan sallar la'asar Hamid ya miƙe a ƙofar masallaci, shi da bai saba magana a taro ba. Ya ce kowa ya gaya wa matarsa ta bar sunan Raliya. Ya ce abin da ta goge akwai irinsa a bayan makanar tun ranar farko, shi ne tsoro ya hana shi dubawa. Liman ya ce Allah ya mayar da alheri. Daga nan ya miƙe gona.

Ya same ta a duƙe tana cire matattun dashe tana zubawa a kwando. Ya tsaya a kan kunyar fangalin, ya faɗa mata abin da ya faɗa a masallaci, ya ƙara da abin da bai faɗa can ba, wato maganar da ya yaɓa mata ranar Juma'a. Ba ta ɗago ba har ta kai ƙarshen layin. Sannan ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Ka samo sunan nata, Yaya?"

Ya ciro takardar ya karanta, harshensa na tuntuɓe.

Ta saurara har ya gama. Ta dubi takardar, ta dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan.

"Shi ke nan duka?" ta ce. "Fangali sha huɗu saboda wannan?"

Ta tura masa kwandon da ƙafa ta koma layin gaba. Hamid ya tuɓe takalmansa ya shiga cikin laka, ya duƙa ya kama na farko. Ko ja bai yi ba ya biyo hannunsa.